Bayan An Tashi Daga Taron Falkaswa: Yadda Kiristocin Gonin Gora Ke Riƙe Zumunta



Batun da wannan lacca za ta tattauna a kai shi ne abin da kan biyo bayan falkaswa a cikin jama'ar Kirista, watau yadda mutanen da zukatansu suka motsu a wurin babban taron wa'azi ke ci gaba da girma cikin addininsu, su kuma zauna tare a matsayin jama'a ɗaya, bayan an naɗe rumfuna, baƙon mai wa'azi ya koma garinsu. An zaɓi Gonin Gora, wadda ke kudancin Kogin Kaduna a Ƙaramar Hukumar Chikun, domin a nan tambayar ta fi fitowa fili, saboda dalilan da za a gani nan gaba.

Ya kamata a fara da ita kanta kalmar, tun da yake ba kowane Bahaushe ne ya saba jin ta ba. Falkaswa ta samo asali ne daga falka ko farka, watau tashi daga barci. Bakano zai ce farkarwa. Wannan ƙarshe na -swa, wanda ake ji kuma a cikin koyaswa, na Hausar yamma ne, irin ta Sakkwato, kuma Hausar majami'a ta riƙe shi har yau ko da yake yawancin masu faɗinsa ba su taɓa taka ƙasar Sakkwato ba. Abin lura a nan shi ne, ba a farkar da wanda ba ya nan. Wanda ake tasa daga barci ɗan gida ne da ya yi sanyi. Saboda haka taron falkaswa ya bambanta da fita bishara, inda ake neman waɗanda ke waje, ko da yake a aikace sau da yawa akan gama su biyun a mako guda.

Yadda akan yi shi a unguwa irin Gonin Gora sananne ne. Ekklisiya takan keɓe kwana uku ko mako ɗaya, ta gayyato mai wa'azi daga wani wuri, a kafa lasifika, mawaƙa su yi shiri. Kowace yamma bayan wa'azi akan kira waɗanda suke so su tuba, ko su sabunta alkawarinsu, su fito gaba. Wasu kan fito da kuka, wani ya mai da abin da ya ɗauka ba nasa ba, mashayi ya yi alkawarin ya bar burkutu, waɗanda suka shekara ba sa ga maciji da juna su gaisa. Babu dalilin da zai sa a yi shakkar gaskiyar abin da mutanen nan ke ji a wannan lokaci. To, amma kowane fasto da ya daɗe a bakin aiki ya san cewa bayan wata uku, in aka duba kujeru, ba duk waɗanda suka fito gaba ne za a samu ba. Kiristoci da kansu suna da misalin mai shuka a cikin Bisharar Matiyu sura 13, inda aka ba da labarin irin da ya faɗi a kan dutse, ya tsiro nan da nan, rana na fitowa ya ƙone don ba shi da saiwa. Bahaushe kuwa wutar kara yake kiran irin wannan.

Matsalar ba ta Kaduna kaɗai ba ce, ba kuma sabuwa ba ce. A Ingila, a ƙarni na 18, an yi manyan masu wa'azi biyu a zamani ɗaya, George Whitefield da John Wesley. Masana tarihi sun yarda cewa Whitefield ya fi iya jan taro, har dubban mutane kan tsaya a fili suna saurarensa. Shi kuwa Wesley, abin da ya fi shi da shi tsari ne. A 1742, a birnin Bristol, mabiyansa suna da bashin ginin ɗakin taronsu, sai aka kasa su ƙungiya ƙungiya, kowace kamar mutum goma sha biyu, aka ba kowace jagora wanda zai riƙa karɓar kwabo ɗaya daga hannun kowa duk mako. Da jagororin suka fara zagaya gidaje karɓar kwabo, sai suka riƙa ganin halin da mutane ke ciki: wane ya koma shan giya, wane yana dūkan matarsa, wance ba ta da lafiya. Wesley ya ga cewa wannan ya fi kwabon amfani, ya mai da shi doka, kowace ƙungiya ta riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, jagora ya tambayi kowa da sunansa yadda rayuwarsa ke tafiya. Daga waɗannan ƙananan azuzuwa ne Ekklisiyar Methodist ta tsaya da ƙafafunta, alhali taron Whitefield bai bar wata ƙungiya mai girman haka ba. Masanin zaman jama'a na ƙasar Jamus, Max Weber, ya yi dogon bayani a kan yadda kwarjinin shugaba ke komawa tsari da al'ada in ana so ya wuce zamanin mai shi. Musulmin da ke sauraro ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya san bambancin da ke tsakanin cikar masallaci a goman ƙarshe na azumi da 'yan tsirarun da ke zama gaban malami a zaure da littafi shekara da shekaru, ko masu haɗuwa wazifa kowace rana.

A Arewacin Nijeriya, misalin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne Sabon Rai Don Kowa. An fara wannan shiri a farkon shekarun 1960, kuma sunan da aka fi dangantawa da shi shi ne na Gerald Swank, ɗan mishan na SIM wanda ya koyar a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro. Ekklisiyoyin da suka fito daga SIM da SUM da wasunsu suka haɗa hannu a ciki. An ɗauko dabarar ne daga wani shiri da aka gwada a ƙasar Nikaraguwa a 1960. Abin da ya sa Sabon Rai ya bambanta shi ne, ya sa ƙaramar ƙungiya a gaba, babban taro a baya. Kafin a fita wa'azi ko sau ɗaya, sai an yi watanni ana kafa ƙungiyoyin addu'a a gidaje, ana koya wa talakan mai bi, manomi da ɗan kasuwa da matar aure, yadda zai bayyana bangaskiyarsa da bakinsa, sa'an nan a bi gida gida. Da aka gama shekarun zafin shirin, sai ya bar abin da waɗanda suka tsara shi ma ba lalle ne sun hango ba. 'Yan Sabon Rai suka zama ƙungiya tabbatacciya a cikin ekklisiyoyi masu sujada da Hausa, da gangunansu da kacau-kacau da waƙoƙin da suke ƙagowa da kansu a kan karin gargajiya, suna da ranar haɗuwa, da shugabanni, da asusu, da fita ƙauyuka da rani. Yau fiye da shekara sittin ke nan, kuma wanda ya shiga sujadar Hausa a ECWA ko Baptis ko HEKAN a kudancin Kaduna zai tarar an ba su lokacinsu su yi waƙa. Jikokin waɗanda aka farkar a 1964 ne ke buga gangar.

Wani guguwar kuma ta taso bayan yaƙin basasa, a shekarun 1970, ta hanyar makarantu. Ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, ita ce ta ɗauki wannan wuta a makarantun sakandare da kwalejojin Arewa, kuma da yawa daga cikin manyan ma'aikatan gwamnati Kirista na yau a nan suka koyi karatun Littafi Mai Tsarki na kowace safiya. Daga irin wannan motsi ne sababbin ekklisiyoyin Fentikos suka fito. Deeper Life ta fara ne a 1973 da ajin nazari na mutum goma sha biyar a gidan W. F. Kumuyi a Legas. Living Faith ta David Oyedepo a nan Kaduna ta kafa ekklisiyarta a 1983, kafin hedkwatarta ta koma kudu. A Oktoban 1990 kuma Bajamushen nan Reinhard Bonnke ya yi taro a Kaduna wanda masu shirya shi suka ce ya tara dubban ɗaruruwan mutane. Abin sha'awa shi ne, su ma waɗannan da aka sani da cika fili, da suka zo riƙe mutanensu sai suka koma ga dabarar Wesley. Deeper Life da Living Faith da Redeemed duk suna da zumuntar gida, inda maƙwabta kaɗan ke haɗuwa a falon ɗayansu sau ɗaya a mako.

Yanzu sai a dawo Gonin Gora. Asalinta ƙauyen Gbagyi ne a bakin hanyar da ta fita daga Kaduna ta nufi kudu, wadda yau ita ce babbar hanyar Abuja. Masaƙun Kakuri, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, da kamfanin haɗa motocin Peugeot na 1975, da matatar mai ta 1980, su suka jawo ma'aikata zuwa kudancin kogi. Amma abin da ya mai da ƙauyen gari shi ne rikicin shari'a na Fabrairu da Mayun 2000, da wanda ya biyo baya a Nuwamban 2002. Bayan waɗannan, birnin ya rabu kusan gida biyu, Kiristoci da yawa suka sayar da gidajensu a arewacin kogi, ko suka bar su a ƙone, suka ƙaura zuwa Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora, Musulmi kuma suka yi ƙaura ta ɗaya gefen. A daidai waɗannan shekaru ne kuma masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka jama'ar da ta taru a Gonin Gora jama'a ce ta baƙi, Bajju da Atyap da Ham da Adara da mutanen Filato da Binuwai da Ibo da Yarbawa a kan 'yan ƙasa Gbagyi, da yawansu sun rasa gida, wasu sun rasa aiki, wasu sun rasa ɗan'uwa. Mutumin da ke cikin wannan hali ba shi da wuyar fitowa gaba in an yi kira. Yana kuma da saurin ɓacewa, domin ɗan haya ne, maƙwabcinsa bai san sunan ƙauyensu ba, kuma a kan layinsu kaɗai akwai majami'u uku ko huɗu da kowace ke da nata taron a wata mai zuwa. Akwai masu bin taro kamar masu bin kasuwannin ƙauye, yau nan gobe can, kullum ana farkar da su, ba su taɓa zama ƙarƙashin kowa ba.

Tsofaffin ekklisiyoyi suna da matakan da suke bi da wanda ya fito gaba. Akan rubuta sunansa, a sa shi ajin baftisma na wasu watanni, dattawa su yi masa tambayoyi, sa'an nan a yi masa baftisma ya fara cin Jibin Ubangiji. In ya yi babban laifi akan sa shi ƙarƙashin horo, a hana shi jibi da riƙe muƙami har ya nuna tuba. Kalmar da ake amfani da ita ga dukan wannan aiki ita ce almajirantarwa, domin tun fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, wadda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa aiki mai yawa, almajirai ake kiran mabiyan Yesu na farko, kuma fassarar da ta biyo baya ba ta sake kalmar ba. Zaɓin ya dace, don kuwa Bahaushe ya san almajiri ba a wurin wa'azin kasuwa yake samun karatu ba, sai ya zauna gaban malami. Sai dai horo ya rage kaifi a gari irin wannan. A ƙauye, wanda aka dakatar ba shi da wurin zuwa. A Gonin Gora kuwa tsallaka titi kawai zai yi a karɓe shi hannu biyu biyu.

In ana neman abin da ya fi riƙe jama'ar nan da gaske, to, sai a dubi Zumuntar Mata. Kalmar zumunta daga zumu take, watau ɗan'uwa na jini ko amini, kuma da ita Kiristoci suka fassara kalmar Girkanci da ke nufin tarayyar masu bi. Ƙungiyar ta samo asali ne tun zamanin 'yan mishan, wajen shekarun 1930 da 1940, ta kuma bazu har Katolika ma suna da tasu. Abin da baƙo ke gani shi ne zane iri ɗaya, da ɗankwali, da tulun da ake bugawa da tafin hannu, da waƙa ranar Lahadi. Aikin kuwa a tsakiyar mako yake. Matan kan haɗu a ranar da suka tsayar, su yi karatu da addu'a, a kira suna, a san wadda ba ta zo ba, a kuma tura mutum biyu su je su ga dalili. In an haihu su ne, in an yi rasuwa su ne ke kwana a gidan suna dafa abinci, in miji ya rasa aiki akwai ɗan asusu ko adashi. Matar da ta tuba a taron falkaswa, in ta shiga hannunsu, da wuya ta sulale ba a sani ba, kuma sau da yawa ita ce ke jawo mijin da 'ya'yan. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma babu wanda ya ɗauki wannan magana a zahirinta kamar matan nan. Zumuntar maza tana nan, amma duk mai faɗin gaskiya ya san ba ta kama ƙafar ta mata ba. Dalili ɗaya shi ne maza sun fi ba ƙungiyoyin ci gaban ƙabilarsu ƙarfi, waɗanda su ma ranar Lahadi da yamma suke zama.

Inda tsarin ya fi rauni shi ne wajen matasa, kuma a nan maganar harshe ta shigo. Hausa ce ta haɗa Bajju da Gbagyi da Ngas a kujera ɗaya, da ita aka yi Littafin Waƙoƙi, da ita iyaye suka haddace ayoyi. Yaron da aka haifa a Gonin Gora bayan 2000 yana jin Hausar kasuwa, amma bai iya karanta ta ba, harshen kakanninsa kuma sai gaisuwa. Da Turanci da Burokan yake tunani. Ekklisiyoyi da yawa sun raba sujada biyu, ta Turanci da ta Hausa, wanda ya magance matsala ɗaya ya haifar da wata, domin yanzu tsohuwar da ta san yadda ake jimrewa tana sujada da ƙarfe kaza, yarinyar da ke bukatar koyo daga gare ta kuma da ƙarfe kaza. Ƙungiyoyin Birged na yara maza da mata, da na mawaƙa, da zumuntar matasa suna ƙoƙari. Amma saurayin da ya gama makaranta ba aiki, wanda wayarsa ke kawo masa masu wa'azi goma kafin ya karya kumallo, kowanne yana yi masa alkawarin buɗi, ba ƙaramin aiki ba ne a zaunar da shi a aji ana bin littafin Romawa sura sura.

Akwai kuma wani gwaji da ya fi waɗannan duka nauyi, wanda bai kamata lacca irin wannan ta kauce masa ba. Ranar Lahadi 17 ga Yunin 2012 aka tayar da bamabamai a majami'u biyu a Zariya da ɗaya a Kaduna, aka kashe masu sujada. A ranar, matasa suka tare hanyar Abuja a Gonin Gora, aka kashe matafiya waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, har gwamnatin Patrick Yakowa ta sa dokar hana fita ta sa'a 24. Tun daga lokacin sunan unguwar ya zama abin da matafiyi Musulmi ke ambata da fargaba, abin da kuma ke ƙona ran dubban mazauna wurin da ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Ba a ce waɗanda suka yi wannan aiki 'yan ajin baftisma ne ba. Amma unguwa ce mai majami'a a kowane lungu, wadda ba ta rasa taron falkaswa ko wata guda, saboda haka dole a tambaya ina waɗannan samari suke a ranakun da ake kiran suna. Zumuntar da tsoro ya haɗa tana iya yin ƙarfi ƙwarai a ciki, ta kuma zama katanga ga na waje, alhali addinin da ake farkar da mutane zuwa gare shi ya umarce su da ƙaunar maƙiyi, balle matafiyi. A wannan birni ne Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannu a rikicin 1992, da Imam Muhammad Ashafa suka kafa cibiyar sulhu a 1995, bayan kowannensu ya jagoranci matasan da ke gaba da na ɗayan. Su biyun sun sha faɗi cewa sauyin bai zo musu a dare ɗaya ba, shekaru suka yi suna koyon zama da juna.

A 'yan shekarun nan kuma tsoron ya sake kama. A Yulin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da ɗari daga makarantar Bethel Baptist a cikin wannan Ƙaramar Hukuma ta Chikun, a farkon 2024 kuma suka shiga Gonin Gora kanta da dare suka tafi da mutum 16. A irin wannan lokaci addu'ar kwana a majami'a takan ragu, mazauna bakin daji su kulle gidajensu su koma cikin gari, babban taro ya zama abin da sai an nemi jami'an tsaro. Abin da kan rage yana aiki shi ne ƙaramar ƙungiyar nan. Ita ce ta san gidan da aka shiga, ta san yaran da aka bari ba uwa, ta san wanda zai iya ba da mudun masara da wanda zai iya kwana tare da tsohuwa. Sakatariyar Zumuntar Mata takan buɗe littafinta na kiran suna, wanda a ciki aka rubuta layin kowace mace da ranar da ta shiga, a bi shi daga sama zuwa ƙasa ana raba wa kowa gidan da za ta je.